Badujalarmu Ta Fari

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da malamai, Edita ya roƙe ni in rubuta wani abu cikin shafukan Hausa na wannan mujalla. Na yi ta saƙe-saƙe, sai na ga babu abin da ya fi cancanta in ba ku labarinsa kamar wani zama da muka yi a garinmu, cikin ƙasar Kirikasamma, kashegarin ƙaramar Salla ta 2023. Zaman kuwa na tsofaffin makaɗan badujalar makarantarmu ta firamare ne, da waɗansu mutanen gari waɗanda suka riƙa bin mu a baya sa'ad da su ke yara. Na sani akwai waɗansunku da su kan ji ƙarar ganga da sassafe a filin fareti su ce damunsu a ke yi. To, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, gama cikin labarin nan akwai wani bashi da na ɗauka, sai da ya kusan shekara 46 a wuyana kana na biya.

Wanda bai san ƙasarmu ba, ya kamata in fara kwatanta masa ita. Kirikasamma tana cikin masarautar Haɗeja, wajen gabas da birni, inda kogi ya ke rarrabuwa ya bazu cikin fadamu kafin ya nufi Yobe da Tafkin Cadi. Kogin Kano da na Calawa su suka haɗu suka haifi kogin Haɗeja. Ruwan da ya zuba can wajen Kano cikin damina ba ya iso mu da wuri, sai ya yi makonni yana tafiya, don haka lokacin da mutanen tudu su ke ganin damina ta fara ja da baya, mu sa'an nan ruwa ya ke cika mana ko'ina. Daga watan Agusta zuwa Oktoba garuruwa da yawa su kan zama kamar tsibiri, ba shiga ba fita sai da kwalekwale. Da wannan ruwa mu ke noman shinkafa, da shi masunta su ke ci, in ya janye kuma Fulani su sauko da shanu. Dajin Baturiya, inda tsuntsayen Turai su kan zo su yi hunturu, a ƙasarmu ya ke. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Calawa kuwa a 1992, tun daga nan tafiyar ruwa ta sāke, ciyawar nan kacala ta toshe hanyoyi da yawa da muka sani muna yara. A zamanin da zan ba ku labari muna cikin Jihar Kano, domin ba a yanki Jigawa ba sai 1991.

Ruwan nan kuwa shi ne sanadin zamanmu. Ambaliyar 2022, wadda ta yi ɓarna mai yawa a Jigawa, ta shiga har ɗakin ajiyar tsohuwar makarantarmu. Da a ke fitar da tarkace bayan ruwa ya janye, sai aka tarar da kangon wata babbar ganga ƙarƙashin karyayyun bencina, fenti duk ya zube, ga wani guntun fata har yanzu manne da bakinsa. Wani daga cikinmu ya gane ta, ya aika wa sauran. Mu 14 ne muka fara, 5 sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙan su. Mu 7 muka sami zuwa. Aka shimfiɗa tabarmi gindin wata tsamiya, aka ajiye kangon nan a tsakiya kamar baƙo, mutanen gari suka kewaye mu.

Kafin in shiga labarin, bari in ɗan faɗi asalin wannan kiɗa, don ku gane abin da ya sa iyayenmu ba su karɓe shi hannu biyu ba. Ƙasar Hausa ta daɗe da kiɗan jere da busa. Tarihin Kano ya ce Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara kakaki a Kano. Tambari kuwa kowa ya san ba a buga shi sai don sarki. Badujala dabam ta ke, ita kiɗan soja ce. Turawa ma ba su suka ƙago dukanta ba, babbar ganga da farantan ƙarfe daga wurin sojan Turkawa suka ɗauko su cikin ƙarni na 18. Ta iso mana ne tare da rundunar da Ingilishi suka kafa, tun daga 'yan Hausar da Gulba ya ɗauka a Ikko a 1863, har zuwa rundunar Afirka ta Yamma wadda Lugga ya shirya a 1897. Sojan wannan runduna su suka ci Haɗeja a watan Afrilu na 1906, ran da Sarki Muhammadu ya yi shahada tare da jama'a masu yawa. A 1977 akwai sauran tsofaffi a garinmu waɗanda iyayensu suka ga wannan rana. A kunnensu begila ba abin wasa ba ce.

Ban da wannan kuma akwai zancen gado. A wurinmu kiɗa sana'ar gida ce, ɗan makaɗi shi ke kiɗa, ana kuwa lissafa shi cikin maroƙa. A kan nemi makaɗi ran biki da ran gayya, a yi masa kyauta, amma ba kowa ke ba shi 'ya ba. Ni kuwa ɗan limamin gari ne. Ku riƙe wannan, zai yi amfani nan gaba.

A watan Satumba na 1976 Gwamnati ta buɗe shirin nan na ilmin firamare kyauta ga kowa. Makarantarmu, wadda dā ba ta wuce aji kaɗan ba, sai ga ta ta cika maƙil da ƙananan yara, har ana karatu gindin itace. Jera su da safe ya zama aiki. Farkon 1977 kuma aka yi babban bikin al'adun baƙar fata a Ikko, da hawan daba a Kaduna, kullum rediyo ba ta da zance sai na kiɗa da rawa. Hedimastanmu ya ga in ya sami ganga zai jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, yara su koyi tafiya a jere, makaranta kuma ta yi suna. Ya yi ta fafutuka har ya samo tsofaffin kaya da wata makaranta ta birni ta yar: babbar ganga 1, ƙanana 4, begila 2, da faranti guda biyu, ɗaya ma a tsage. Sauranmu aka ba mu sarewa. Gangunan duka na fata ne, da igiya a ke ɗame su, ba irin na yanzu masu fuskar roba ba, waɗanda ruwa bai dame su ba.

Mai koya mana kuwa wani tsohon soja ne da ke gadin makaranta, muna ce masa Baba Saje. Yana cikin sojan Nijeriya da aka kai Bama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da aka tura runduna ta 81 da ta 82 suka yi faɗa da Jafanawa a Arakan. Ba ya son a tambaye shi labarin yaƙi. Abin da ya ke so shi ne a tsaya sak, a ɗaga ƙafar hagu tare da bugun babbar ganga. Ya kan ce mana ƙananan ganguna ado ne, begila kuwa kira ce, amma babbar ganga ita ce ƙafar kowa, in ta yi tuntuɓe mutum ɗari sun yi tuntuɓe.

Ran da aka zaɓi wanda zai riƙe ta, aka jera mu kowa ya gwada. Ba a daɗe ba aka gane mai ita. Wani yaro ne ɗan makaɗin garinmu, ya girme ni da shekara biyu, ba shi da yawan magana. Tun yana goye ya ke jin gangar noma, barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Da ya ɗaga hannu ya buga sau uku Baba Saje ya ce a bar gwaji haka nan. Ni kuwa aka ce in riƙa ɗaukar gangar a bayana ina tafe a gaba, shi yana biye yana bugu, domin ta fi ƙarfin yaro ɗaya. Mahaifina bai so ba ko kaɗan, sai da hedimasta ya je zaure sau biyu ya ce masa wannan horon jiki ne, ba roƙo ba ne, kana ya yi shiru. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne baƙin cikin da ke cina. Ina ganin yaya ɗan liman zai zama jakin ɗan makaɗi?

Muka yi ta koyo tun bazara. Azumin wannan shekara ya faɗo tsakiyar damina, daga Agusta zuwa Satumba, aka ajiye kaya har bayan Salla. Muna dawowa sai ga takarda, an ce makarantu su zo Haɗeja fareti ran 1 ga Oktoba, ranar tunawa da samun mulkin kai, wadda ta faɗo Asabar. Wannan shi ne fitarmu ta fari gaban manya.

A nan ne gardama ta kaure gindin tsamiya, domin kowa da irin abin da ya tuna. Wani ya ce kwalekwale uku muka shiga, wani ya rantse biyu ne, na ukun na kayan abinci ne. Wata dattijuwa, wadda a lokacin yarinya ce mai tallan ƙosai, ta ce ita da ƙawayenta sun bi mu har bakin ruwa suna guɗa, uwarta ta zane ta don ta bar faranti a hanya. Wani masunci ya ce shi ya tuƙa mu, kuma da mai begila ya busa tsakiyar fadama, ɗinya da kirinjijiya suka tashi har suka rufe rana. Mai begilar yana zaune, ya ce shi dai tsoron ruwa bai bar shi ya busa komi ba. Aka yi ta dariya. Kowa ya yarda da abu guda, watau ran Juma'a da asuba muka tashi, yayyafi ya same mu a kan ruwa, muka fita tudu muka hau babbar mota, muka isa birni wajen azahar, aka sauke mu a wata makaranta.

Da aka kwance kaya sai aka tarar fatar babbar ganga ta sha danshi ta saki, in an buga sai ta ce ɓus kamar an doki buhun dusa. Maganin wannan sananne ne ga makaɗa, a kan kara ta kusa da wuta daga nesa-nesa, ana juyawa, har ta ɗame a hankali. Bayan la'asar Baba Saje ya hura gawayi bayan aji, ya auna taki huɗu ya jingine gangar, ya ce wa ɗan makaɗi ya kula da ita. Can an jima yaron ya ce mini in duba masa, zai je ya yi alwala. Ina zaune ina taɓa fatar, na ji har yanzu da saura. Raina ya ce mini in na matsa da ita kusa, kafin ya dawo ta yi, kowa ya san ni ma na iya. Na jawo ta har ina jin zafi a ƙwaurina. Ban ƙirga ashirin ba sai na ji tas! Fatar ta tsage tun daga baki har tsakiya.

Na mayar da ita inda ta ke, na zaga ta bayan gini na shiga cikin yara. Da mutane suka sheƙo, shi suka tarar tsaye a kanta, da ruwan alwala a fuskarsa. Malamin da ya rako mu bai tambayi kowa komi ba. Ya yi masa bulala shida gaban yaran waɗansu makarantu, ya ce dama abin da a ke gudu ke nan in an ba ɗan maroƙi amana. Ya ce ko an sami wata ganga, ba shi zai buga ba, ni zan buga, shi ya ɗauka. Yaron bai ce uffan ba. Baba Saje ya dube ni, ya dubi gawayin, ya dubi sawun da ganga ta ja a ƙasa, ya kau da kai.

Bayan magariba aka nemi yaron aka rasa, har ana cewa ya gudu. Wajen lisha sai ga shi tare da wani tsoho, ɗan'uwan ubansa daga cikin makaɗan birni, da wata babbar fata a naɗe a hammata. Tsohon bai gai da malamin ba, ya nemi ruwa a daro ya jiƙa fatar. Su biyu da Baba Saje suka kwana suna aiki da fitilar ƙwai, suka cire tsagaggiyar, suka naɗa sabuwar a kan zobe, suka ja igiya kaɗan-kaɗan suna zagayawa don kada gefe ɗaya ya fi wani. Da gari ya waye suka kai ta rana. Aka miƙa wa tsohon naira ɗaya, ya ce a ba yaron ya sayi man zafi.

Fatar ta fi ta dā kauri, ba ta kuma gama bushewa ba, saboda haka muryarta ta sauka ƙasa ƙwarai. Wannan murya ita mutanen gari suka fi tunawa. Wani dattijo gindin tsamiya ya ce shi yana cikin taron ran nan, da muka shigo fili mutane suka riƙa waiwaye suna tambaya ko tambari aka fito da shi. Ya juyo ya nuna ni, ya ce, "Ga wanda ya buga ta nan. Malam, hannunka bai karkace ko sau ɗaya ba." Jama'a suka ce haka ne.

To, ga abin da ya faru a fili. Muna shiga, na ga dawaki da 'yan sanda da manya cikin rumfa, sai gabana ya faɗi, lissafi ya ɓace mini. Na buga biyu a wurin ɗaya, na ji ƙananan ganguna sun fara rikicewa a bayana. Sai na lura da wanda ke ɗauke da gangar. Duk sa'ad da ya sa ƙafar hagu sai ya ɗan sauke kafaɗarsa, gangar ta yi ƙasa kaɗan, ga shi kuwa bayan nan da ta ke kai duk shatar bulala ce. Na daina duban rumfa, na zuba wa kafaɗar nan ido, in ta sauka in buga. Haka muka zaga fili har muka fita. Ba mu ci na ɗaya ba, amma an yaba mana, muka koma gida aka tarye mu bakin ruwa. Daga ran nan har muka gama makaranta ni ke bugu, shi ke ɗauka. Ni na wuce kwalejin horon malamai, shi ya koma gona da gangar ubansa.

Sa'ad da dattijon nan ya ke yabona, mutumin yana zaune daura da ni, gemunsa fari fat, yana murza carbi. Na ji in na bar wannan zama ban yi magana ba, watakila ba za mu sāke haɗuwa ba sai gaban Mai Sama, gama biyar sun riga sun tafi. Na miƙe na ce wa jama'a su saurara. Na faɗi yadda na ja ganga kusa da wuta, da yadda na gudu, da zancen kafaɗa. Wuri ya yi tsit. Na durƙusa gabansa na ce, "Yaya, ka yafe mini don Allah."

Ya ce, "Tashi, Malam, kada ka ba ni kunya gaban yara. Ai na gan ka. Ina dawowa daga rijiya na hango ka kana jan ta."

Na ce, "To, me ya hana ka faɗa?"

Ya yi murmushi ya ce, "In faɗa wa wa? Ɗan makaɗi ya ce ɗan liman ya yi ƙarya, a bakin wa za a ji? Da na faɗa, da bulalar ta zama goma sha biyu. Baba Saje ma ya sani, ya ce mini in bari, gadinsa ne abincinsa. Na yafe maka tun ran da ka yi wa mahaifina salla. Amma tun da ka faɗa da bakinka, yau na ji daɗi." Sa'an nan ya jawo kangon nan, ya ɗora bisa cinya, ya ƙwanƙwasa katakon da yatsa, hagu, hagu, hagu dama hagu. Tsofaffi shida muka ga ƙafafunmu suna motsi bisa tabarma.

Ya ku 'yan'uwana, yawancinku gobe za ku tsaya gaban aji, da ikon hukunci a hannunku. Malamin da ya yi bulalar nan ba mugu ba ne, na san shi, ya koya mini lissafi da kyau. Abin da ya same shi shi ne ya riga ya yanke shari'a tun kafin a yi laifi, saboda ya san gidan da kowane yaro ya fito. Da ya tsaya ya dubi ƙasa kamar yadda tsohon soja ya duba, da ya ga sawu. Na shekara fiye da talatin ina koyarwa, na kuwa kama kaina ba sau ɗaya ba ina shirin yin irin wannan, in ga ɗan mahauci ko ɗan masunci ko ɗan Fulanin daji, in ji zuciyata ta riga bincike. Ina roƙonku in abu ya ɓaci a makarantarku, ku tambayi yaron da ba a saba tambaya ba, ku kuma ba shi lokaci ya amsa, gama wanda ya saba ba a jinsa ba ya saurin buɗe baki.

Kafin mu watse muka yi karo-karo don a gyara gangar. Aka kawo shawarar a sayo fuskar roba daga Kano, shi kuwa ya ce a bar masa, yana da fata a gida, jikansa kuma yana aji biyar a makarantar. Mun yi alkawari in an gama za mu koma mu ji muryarta. Na roƙi alfarma guda, aka kuwa yi mini, watau ran nan ni zan ɗauka shi ya buga, in dai bayana ya yarda.

Allah ya jiƙan Baba Saje da 'yan'uwanmu da suka rigaye mu, ya sa mu gama da duniya ba da hakkin kowa a wuyanmu ba, amin. Haza wasalam.